Amsar tambayarka kan wane ne jarumi

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fata kana lafiya, ya karatu? Ka ce kun yi gardama da abokanka a makaranta: me ya sa ake kiran ɗan wasan fim jarumi, ake kuma kiran mazan jiya da sunan nan, shin abu ɗaya ne? Na ji daɗin tambayar ƙwarai, don ta daɗe tana ci mini rai.

Da muna yara a nan Sakkwato, kalmar nan nauyi gare ta. Akwai barde, akwai gwarzo, akwai sadauki, kuma ba wanda ke raɗa wa kansa su. Sai an ga tsayuwarka ranar da maza suka juya baya. Daga nan maroƙa su sa maka kirari, shi kuwa kirari bashi ne. Wanda aka yi wa shi a bainar jama'a ya rasa hanyar gudu, domin abin kunyar har jikokinsa zai bi. Haka muka ji labarin Kanta na Kabi da ganuwarsa ta Surame, haka malamanmu suka karantar da mu waƙoƙin Larabawan jahiliyya a zaure, inda Antar, ɗan baiwa, ya sami 'yancinsa da bakin takobi.

Amma ka lura da abin da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ƙara a kan wannan. A Tabkin Kwatto, 1804, wanda ya ja rundunar jama'a Malam Abdullahi ne, ƙanen Shehu, mutumin da aka fi sani da alƙalami. A Tsuntsuwa kuwa an sha kashi, an ruwaito cewa mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada. Ba su ci nasara ba, amma wa zai ce ba jarumawa ba ne? Haka ranar Giginya, da Nasara suka zo cin Sakkwato cikin Maris 1903, wasu mutane kaɗan suka tsaya gindin tuta har harsashin Nasara ya ƙare su. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya cika a Burmi cikin shekarar. Waziri Buhari ya zauna, ya haɗiye ɗacin sulhu don kada jama'a ta watse. Ni dai har yau in na tuna zaman nan nasa sai jikina ya yi sanyi, don ina ganin bai fi fita fagen fama sauƙi ba. Ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi.

To na fim fa? Ban raina sana'arsu ba, wasunsu na faɗakarwa, ana kuma amfana. Sai dai tun kafin a kunna ka san akta ba zai mutu ba, bos ne zai faɗi. Na Amurka ma har tashi sama suke yi, harsashi ba ya kama su. Wanda ba abin da zai same shi, me ya sadaukar? Mazan jiya sun san ƙarfe na cin su, suna da iyali a gida, suka tsaya duk da haka. Abin da ke damuna shi ne yaro ya taso yana zaton yawan mabiya a waya shi ne jarumta.

In ka zo hutun Sallah ka tuna mini, mu je Hubbare mu yi ziyara, mu biya ta Giginya in nuna maka wurin. Ka gaida abokan gardamar taka.

Baffanka.