Wa Ke Yanka Kuɗin Mota? Amsoshin Tambayoyin Matafiya Daga Zamfara

Tambayoyin da suka shigo mana wannan karon kusan duk a tasha suka haɗu. Mun ɗauki biyar.

Daga wani malamin makaranta a Gusau: Iyalina na Sakkwato, sau biyu nake zuwa a wata. In fetur ya tashi, washegari kuɗin mota ya tashi. In ya sauka, shiru kake ji. Wai babu hukumar da ke ƙayyade kuɗin mota ne? Me ya hana gwamnati ta yanke farashi kowa ya bi?

Malam, babu wata hukumar gwamnati da ke yanka wa motocin haya na 'yan kasuwa kuɗin tafiya daga gari zuwa gari. Akwai dokar ƙayyade farashi ta 1977, amma abin da ta lissafa su ne irin su sukari, gishiri, madara, fulawa, ashana, kekuna, babura, motoci da man fetur. Kujerar fasinja ba ta ciki. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa tashoshin mota da kula da su, sai dai a aikace abin bai wuce fili da karɓar haraji ba. Hukumar kiyaye haɗurra ruwanta da lafiyar mota, gudu da lodi. Ita kuwa hukumar kare masu saye, FCCPC, ba ta yanka farashi. Dokarta ta 2018 haɗa baki da yaudarar mai saye ta hana. Masu yanka kuɗin a zahiri su ne shugabannin reshen ƙungiyar 'yan sufuri na tashar, NURTW ko RTEAN, bayan sun ji ta bakin masu motoci.

To me ya sa ba ya sauka? Mu yi lissafi. Gusau zuwa Sakkwato kilomita 200 ne da 'yan kai. Homa mai kujera 18, in ta cika da mutane da kaya, takan sha kusan lita 30. A ce an rage naira 100 a kowace lita, direba ya huta da naira 3,000. Raba ta gida 18, kowane fasinja ya tashi da naira 167. Golf ko Sharon mai ɗaukar mutum 6 ko 7 tana shan kusan lita 20, sauƙin kowane kai kusan naira 300 ke nan. Ka ga ragin da ya cika gidajen rediyo, in ya iso kan kujera ya zama ɗan kaɗan.

Sauran kuɗin da ka biya ba mai ya tafi ba. Akwai kamashon tasha, akwai tikitin ƙungiya da na ƙaramar hukuma, akwai balas ɗin mai mota, akwai abin da ake miƙawa a shingayen hanya, sannan bakin mai, taya, birki da bakanike. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a Yuli, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Amma a watan Yunin 2023 ɗin an kuma saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, kuma kusan duk kayan gyaran mota da dala ake shigo da su. Fetur yakan ɗan ja da baya. Taya da injin gwanjo ba su koma inda suka baro ba.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu a nan Zamfara, wato yawan sawu. Motar da a da take zuwa ta dawo har ta ƙara wani sawun da yamma, yanzu da la'asar ta yi direba mai hankali ya ajiye ta, saboda halin rashin tsaro da hanyoyinmu ke ciki. Balas kuwa na rana ne. In sawu ya ragu, nauyin nan a kan fasinjojin safe yake sauka.

Wannan bai wanke 'yan tasha tas ba. In mai ya tashi da naira 100, ba 167 suke ƙarawa ba, 500 ce ko 1,000, wai don matsalar canjin da za a mayar wa fasinja. In ya sauka kuma ba a tuna da wannan hikimar. Wannan rashin adalci ne, kuma fasinjoji na da haƙƙin su tambayi shugaban tasha lissafinsa.

Game da gwamnati ta yanke farashi da baki kawai, ba mu goyon baya, domin mun san inda asarar ke komawa. Direban da aka tilasta wa kuɗin da bai fitar da shi ba zai sa mutum huɗu a kujerar uku, biyu a gidan gaba, ya ninka kuɗin kaya, ya ɗaga ranar canza taya, ko ya bar tasha ya koma lodi a bakin titi. Gwamnati na iya yanka kuɗi a motocinta, kamar yadda Legas ta rage rabin kuɗin bas-bas ɗinta a Agustan 2023, don ita ke cike giɓin. A motar wani kuwa, abin da zai sauke kuɗi da gaske shi ne tsaron hanya, cike ramuka, rage tikitoci da shingaye, da tilasta wa kowace tasha ta kafa allo mai kuɗin kowane gari da na kaya, yadda ba za a duba rigarka kafin a faɗa maka farashi ba.

Daga wata uwa a Ƙaura Namoda: Ɗiyata ta samu shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In ta iso Gusau, motar gwamnati za ta shiga, ko ta tasha, ko waɗanda ke lodi a bakin hanya da suka fi arha?

Hajiya, Allah Ya sa albarka a karatun. In an samu kujera a motar gwamnatin jiha, ta shiga. Arharta ba ta rashin inganci ba ce, da kuɗin jama'a aka sayi motar, babu mai jiran balas. Matsalarta ƙarancin motoci, don haka sai an yi sammako. In ta cika, a wuce tasha.

Ta bakin hanya kuwa kada ta shiga, ko da rabin kuɗi ne. Arhar ta fito ne daga kamasho da layin da direban ya tsallake, kuma su ne abin da ke sa a san shi. Motar tasha tana da lamba a littafin ƙungiya, an san direbanta, an san mai ita. In jaka ta ɓace ko wani abu ya faru, akwai ofishin da za a je. Ta bakin hanya in ta tashi, ta tashi ke nan.

A tashar ma ga abin da za ta yi. Ta isa kafin ƙarfe 7 na safe. Ta tabbata an rubuta sunanta da lambar wani na gida a takardar sunayen fasinjoji, kada ta yarda a ce sai an hau hanya. Ta ɗauki hoton lambar motar ta turo miki. Kafin ta biya, ta tambaya ko motar kai tsaye za ta Sakkwato ko za a yi juye a Talata Mafara, domin wani direban kan karɓi cikakken kuɗi ya sauke mutane a rabin hanya cikin motar da ta fi tasa lalacewa. Ta kuma leƙa taya. A gefen kowace akwai lambobi huɗu a jere: 2321, misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra na ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa a matsayin wadda ta ƙare aiki, ko da zanenta na nan. Da zafin Maris da Afrilu, irin wannan ce ke fashewa.

In azahar ta wuce mota ba ta cika ba, ta karɓi kuɗinta ta kwana wurin 'yan'uwa.

Daga wani ɗan kasuwa a Talata Mafara: Duk jajibirin Sallah sai a ninka mana kuɗin mota. Doka ta yarda da haka? Na kuma ji an taɓa rage wa matafiya rabin kuɗi, mu ba mu gani ba.

Alhaji, babu dokar da ta hana kuɗin mota tashi lokacin cunkoso. Dalilinsa kuma ba kwaɗayi ne kaɗai ba. Ana gobe Sallah kowa gida ya nufa, lodi ɓangare ɗaya ne. Motar da ta kawo mutane daga Kaduna ko Kano cike, kusan wayam za ta koma, sai man komawar ya hau kan waɗanda ta kawo. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ƙara kuɗi bayan ka biya ka zauna, ko a karɓi naka daban da na maƙwabcinka a kujera ɗaya.

Ragin da ka ji gaskiya ne. Daga 21 ga Disamban 2023 zuwa 4 ga Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta ɗauki rabin kuɗin manyan bas-bas na wasu kamfanoni a zaɓaɓɓun hanyoyi, jirgin ƙasa kuma kyauta. Bai iso ku ba saboda gwamnati na biyan kamfanin da ke da tikiti da rajistar da za a ƙirga ne, Golf ɗinmu kuwa hannu da hannu ake biya. Layin dogo ya iso Ƙaura Namoda tun 1929, amma jirgin fasinja ya daɗe da daina zuwa a kai a kai, sai kyautar ta wuce mu ta nan ma.

Dabara ita ce ka tafi kwana 4 ko 5 kafin Sallah, ka dawo bayan tururuwar komawa ta lafa. In ku shida ne ko bakwai, ku ɗauki shata: kuɗin kujerun duka za ku biya, amma ku ke da lokacin tashi, kuma ba a matse ku. A gama ciniki har da kaya kafin a ɗaure igiya.

Daga wani tsohon ma'aikaci a Tsafe: Ina so in sayi Sharon da kuɗin sallamata, in mayar da ita mai gas, in riƙa karɓar ƙasa da abin da ƙungiya ta yanka don in samu fasinja. Zai yiwu?

Baba, a cikin tasha layi ake bi. Ko ka rage kuɗi, ba za a yi maka lodi kafin na gabanka ba, don haka ragin asara ce kawai. Inda kake da 'yancin yanka naka farashin shi ne shata, jigilar ɗalibai ko ma'aikata da yarjejeniyar wata, da ɗaukar saƙo.

Batun gas kuma, kafin ka kashe ko sisi, ka gano inda za ka riƙa cikawa a hanyar da za ka bi, ka je ka gani da idonka yana aiki. Tukunya ɗaya ba ta kai mota nesa sosai, kuma gidajen gas ɗin mota ba su yawaita a yankinmu ba. In babu wurin cikawa a tafiya da dawowa, za ka ƙare kana sayen fetur alhali tukunyar ta cinye maka but, wanda a motar haya kuɗi ne. Sannan gas ɗin mota, CNG, ba gas ɗin girki ba ne. Ana matsa shi da ƙarfin da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin saboda tukunyar da masu walda suka haɗa. Kada ka kai motarka sai cibiyar da gwamnati ta tantance, kuma ka karɓi takardar tukunyar.

Kada ka zuba kuɗin sallamar duka a sayen motar. Ka ware na taya huɗu sababbi, inshora ta gaskiya, rajistar ƙungiya, da na gyaran wata uku na farko, domin motar gwanjo sai ta hau hanya take faɗin ciwonta. In direba za ka ba, ku rubuta yarjejeniya a gaban shugaban tasha: nawa ne balas, ranakun da ba a biya, da wanda ke ɗaukar ƙaramin gyara da babba.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Gusau: Motarmu ta lalace kafin Funtuwa, direba ya ce ya zuba kuɗinmu a mai, kowa ya nemi hanyarsa. Haka ake yi?

A'a, Malama. Kuɗin kai ki inda za ki kika biya. Al'adar tasha ita ce direba ya tsayar da wata motar ya yi muku juye, shi ya biya ragowar hanyar, ko ya mayar da kuɗin abin da ya rage. Dokar kare masu saye ma ta ba ki haƙƙin a mayar miki da wani kaso in ba a kammala aikin da kika biya ba. Kada ku tsaya jayayya a daji. Ki riƙe lambar motar da sunan tashar da kuka taso, ki karɓi lambar wayar fasinja biyu, ki hau abin da ya samu. In kin dawo, ki kai ƙara ofishin ƙungiyar a tashar tare da shaidunki. Suna da ikon hana shi layi har sai ya biya, kuma wannan ya fi komai saurin fito da kuɗi daga aljihun direba.