Shin ƙungiyoyin ƙwadago na duniya suna yi mana wani amfani kuwa?

Malam, ka tambaya ko ILO, hukumar ƙwadago ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da su ITUC, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikata ta duniya, na tsinana wa ma'aikacin Zariya wani abu, ko dai surutu ne kawai a Janiba, inda hedikwatar ILO take. To gaskiya ba su da ɗan sanda, ba za su zo Samaru su tilasta wa mai kamfani ya biya ka albashi ba. Aikinsu matsin lamba ne da kunyata gwamnati a idon duniya.

Amma fa yana aiki wani lokacin. Najeriya ta shiga ILO a 1960, ta sa hannu a yarjejeniya ta 87 da ta 98, wato 'yancin kafa ƙungiya da zama a yi ciniki kan albashi, shi ya sa da Abacha ya rushe shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC a 1994 ya kulle su Frank Kokori na ƙungiyar ma'aikatan man fetur, aka yi ta kai ƙara har ILO ta kafa kwamitin bincike a 1998, kuma Abdulsalami na hawa ya sake su. Ayuba Wabba, tsohon shugaban NLC, ma ai ya shugabanci ITUC daga 2018 zuwa 2022.

Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 kam, ƙungiyoyin ƙwadago na gida, NLC da TUC, ne suka yi yajin aiki a 2024 kafin a samu.