Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan yaran bakin gulbi

Malama, Allah Ya saka miki da alheri. Kin ce yaran makarantarku, marayu da almajirai, suna sulalewa zuwa bakin gulbi a Kwalkwalawa da gidan sauro suna tace 'ya'yan kifi, kina son koya musu su na ƙa'ida amma ba ki san ta inda za ki kama ba, kuma in kin yi magana sai su ce miki yunwa suke ji. Wallahi kamar ni na rubuta. Kuma gaskiya suka gaya miki. Yaron da bai karya ba, ba zai mayar da kifi ruwa don kin yi masa wa'azi ba. Ki fara neman abin da za su sa a baki ranar da za ki fita da su, ko kunu da ƙosai ne, sannan kunnensu zai buɗe.

Kada ki ƙwace gidan sauron haka kawai, gobe za su samo wani. Musanya ake yi. Mu fatsa muka raba wa ƙananan, manyan kuma muka haɗa musu kuɗin birgi, wato tarun da ake jefawa, mai faɗin ido. Masunta da yatsa suke auna idon taru, to ki koya wa yaran haka: idon da yatsu uku ba su shiga ba, ba namu ba ne. Wannan sun fi riƙe shi da duk wani dogon bayani.

Amma bari in gaya miki abin da ya kusa sa in watsar da komai. Akwai wani tafki da ambaliya kan bari a fadama bayan damina, can wajen garinmu. Na roƙi dattawa suka bar wa yarana shi, aka yi alƙawarin ba mai taɓawa sai sanyi ya wuce. Yaran nan da kansu suke gadinsa, har faɗa suke da 'yan'uwansu a kai. Wani ma dusa yake roƙowa a gidaje yana watsa wa kifin. Rannan da asuba ɗaya daga cikinsu ya buga mini ƙofa, ya kasa magana. Da na je, ruwan duk ya yi fari da cikin kifi. Karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, har kwaɗi ba wanda ya tsira. Wani bawan Allah ne, babba da gemunsa, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ya bi dare ya zuba gamalin, gubar nan ta kashe ƙwari. Ya kwashe manyan ya loda a buhu ya yi kasuwa, ya bar ƙananan suna wari. Kafin in ankara yara biyu sun tsinci na bakin ruwa sun gasa sun ci, ranar a asibiti muka yini, amai da ciwon ciki. Da na tare shi, kin san abin da ya ce mini? Wai ruwan Allah ne, wa ya ba ni? Ya ƙara da cewa in je in nemi aikin yi. A gaban yaran fa! Har yau in na gan shi gabana yakan faɗi, kuma ko sau ɗaya bai ce a yi haƙuri ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron nan mai dusa da ya tambaye ni: Malam, mu aka hana, manya ba a hana su ba? Ban sami abin ce masa ba. Na bar mutumin da Allah, amma ban yafe ba.

Shi ya sa nake roƙonki, kafin ki tara yaro ko ɗaya, ki je wajen Sarkin Ruwan wurin da mai unguwa, ki tafi da mijinki ko wani dattijo. Doka akwai ta, tun 1992 gwamnatin tarayya ta haramta kamun kifi da guba da nakiya a ruwayen cikin ƙasa, amma a bakin gulbi maganar Sarkin Ruwa ta fi takarda tsayawa. Dubi Argungu. Ana rufe gulbin Matan Fada a hana su har lokacin bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa da Makwashe, masu sarautar gulbin, ke tsaye a kai, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Bikin nan tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ki nuna wa yaran hotunan a waya, za ki ga idonsu ya fito. Nan ne za ki ce musu wannan ma da ɗan tsito ne, barinsa aka yi.

Kuma ki bar su su gani da idonsu. A buɗe bakin macen karfasa, wani lokaci za a tarar da ƙwai cike a ciki, don a baki take renon 'ya'yanta. Nawa da suka ga haka, da kansu suka riƙa sakin irinta. Tarwaɗa kuma da damina take haurawa cikin ciyawar fadama ta yi ƙwai in ruwa ya cika, to lokacin nan ne za a ɗaga mata ƙafa. Labarin gaiwa da ke shiga laka ta kwana rani guda tana jiran ruwa, wannan tsofaffin Sarkawa sun fi mu iya ba da shi. Ki gayyato ɗaya, ki ba shi goro, ki zauna ke ma ki saurara.

Maganar leda ma kada ki bari. Rima na haɗuwa da gulbin Sakkwato, su gangara ta Kabi su faɗa Neja, Neja kuma ta kai teku. Ledar ruwan da aka yar a ƙarƙashin gada ba nan take tsayawa ba. Mu duk fitar da za mu yi, kowa da buhunsa, ba a jefa ƙugiya sai an tsince bakin ruwa.

Sai abin da ba ki tambaya ba, amma shi ya fi hana ni barci. Don Allah ki tambayi yaran a keɓe ko suna ganin jini a fitsari. Tsargiya ta yi yawa ga yaran da ke yini cikin ruwa, kuma kunya ke hana su faɗi, wasu ma sun ɗauka alamar girma ce. Tana da magani, a kai su asibiti. Kuma in aka ce an saki ruwa daga madatsar Goronyo, kada yaro ko ɗaya ya kusanci gulbi, duk iya iyonsa. Duk mun ga abin da ruwa ya yi a 2010. Ki raba su biyu-biyu, kowa ya san abokinsa, ki ƙirga su kafin a sauka, ki sake ƙirgawa kafin a tashi.