Tambaya da Amsa: Yaya zan samu hayar mota ta zuwa kaɗai ba tare da tsada ba?

Tambaya: Malam, ina cikin damuwa. Zan ƙaura zuwa wani gari mai nisan kusan kilomita 900, kuma ina so in ɗauki hayar mota in tuƙa da kaina, in ajiye ta a reshen kamfanin da ke can. Da na duba sai na tarar kuɗin zuwa kaɗai ya ninka na zuwa da dawowa. Abokina ya ce in rubuta cewa zan mayar da ita inda na ɗauko ta, idan na isa sai in ajiye ta a can, ko in ba ƙanena ya komo da ita. Kuɗin hannuna ba su da yawa. Shin wannan dabarar tana da illa?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, akwai hanyoyin rage kuɗin, amma shawarar abokinka ba ta cikinsu. Abin da ya ɗaga farashin shi ne kuɗin mayar da mota, domin motar da ka bari a wani gari dole ne a biya direba ko babbar mota ta komo da ita, kuma a kwanakin da take hanya ba ta kawo wa kamfani komai. Wasu kamfanonin suna rubuta wannan kuɗin a fili, wasu kuma suna cusa shi cikin kuɗin kowace rana, saboda haka jimillar ƙarshe ita ce abin kwatantawa.

Tunda dalilin ke nan, sauƙin yana inda tafiyarka ta dace da buƙatar kamfani. A Amurka motoci sukan taru a Florida lokacin sanyi saboda baƙi, idan sanyin ya wuce sai kamfanoni su karya farashi ga duk wanda zai tuƙa su zuwa arewa. Akwai ma shafuka irin su Imoova da Transfercar, waɗanda suka fi ƙarfi a Ostareliya da New Zealand, da ke haɗa matafiya da motocin da ake so a mayar, wani lokaci a kan dala 1 a rana, sai dai su ne ke yanke kwanaki da iyakar kilomita. Ban da wannan, ka fara da manyan kamfanoni masu rassa da yawa irin su Hertz, Avis, Enterprise, Europcar da Sixt, ka gwada reshen cikin gari da na filin jirgin sama a garuruwan biyu, ka sauya ranar tafiya da kwana ɗaya ko biyu, ka zaɓi ƙaramar mota wadda kowane reshe yake buƙata. Ka kama wadda za a iya sokewa ba tare da tara ba, ka riƙa sake dubawa, domin farashin yana hawa yana sauka. Idan tafiyar ta ƙetare iyakar ƙasa, tsadar tana ƙaruwa ƙwarai, saboda mota mai lambar wata ƙasa ba ta hayuwa cikin sauƙi a wata.

Yanzu sai maganar abokinka, wadda na gaji da jin irinta. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, wai ai kamfani ɗaya ne, duk inda ka ajiye daidai ne. Wannan jahilci ne da masu bidiyon dabarun tafiya suke yaɗawa a intanet, kuma ba su ne za su biya ba idan abin ya juye. Suna ɗaya a kan allo ba ya nufin mai shi ɗaya ne. Rassa da yawa na 'yan kasuwa ne masu zaman kansu da suka sayi izinin amfani da sunan, motocinsu nasu ne, kuma wanda ka kai wa motar da ba tasa ba yana iya ƙin karɓarta ma. Ko da kamfanin ne da kansa yake gudanar da rassan biyu, wurin mayarwa da lokacinsa suna rubuce cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu. Da zarar ka saɓa, kamfani yana da damar sake lissafin hayar a farashin zuwa kaɗai na wannan rana, ya ɗora maka kuɗin ajiyewa ba da izini ba, kuma ba sai ya roƙe ka ba, tunda katinka na banki yana hannunsa tun ranar da ya riƙe kuɗin jingina. Garin neman gira sai a rasa ido.

Batun ƙanenka ya fi wannan haɗari. Wanda sunansa ba ya cikin yarjejeniya ba shi da izinin taɓa sitiyari, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, ko da ya fi ka iya tuƙi. Idan ya yi hatsari, kariyar da ka saya a wurin kamfanin don kada a ɗora maka kuɗin ɓarna ta rushe, kuma kai ne za ka ɗauki gyaran motar ko kuɗinta gaba ɗaya, da na kwanakin da ta yi a gareji ba ta aiki. Idan kuwa an ji wa wani rauni, maganar ta wuce ta kuɗin haya. Sannan motar da ta wuce wa'adinta ba tare da labari ba, kamfani yakan kai rahotonta ga 'yan sanda. Kada ka ɗauka tsoratarwa ce: a watan Disamba na 2022 kamfanin Hertz ya amince zai biya kimanin dala miliyan 168 domin sasanta ƙorafe-ƙorafe 364 na mutanen da suka ce an zarge su da satar mota bisa kuskure. Idan masu cewa sun bi ƙa'ida sun shiga wannan hali, ina ga wanda ya saɓa da gangan? Ba na wanke kamfanonin, domin yadda suke binne waɗannan sharuɗɗa cikin ƙananan rubutu abin takaici ne, amma sa hannunka ne a ƙasan takardar.

Idan kana son ƙanenka ya komo da motar, ka yi shi a fili. Ku je kanta tare, ya nuna lasisinsa, a rubuta shi a matsayin direba na biyu. Daga nan ka haɗa kuɗin ƙarin direba, da man kilomita 900 na dawowa, da ƙarin kwana, da ƙarin da ake ɗora wa wanda bai kai shekara 25 ba idan ya shafe shi, ka kwatanta da farashin zuwa kaɗai. Sau da yawa tazarar takan ragu sosai. Idan kuma shirinka ya sauya kana kan hanya, ka kira kamfanin kafin ka isa, su sauya wurin mayarwa, su turo maka sabon farashin a rubuce. Ranar ajiyewa ka je lokacin da reshen yake buɗe, ka ɗauki hoton jikin motar da ma'aunin mai da na kilomita, kuma kada ka bar wurin sai an ba ka rasit da ke nuna an rufe hayar.