Shin Ya Dace In Sayi Ƙarin Inshorar Kwanciya a Asibitin Kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 38, ina da mata da 'ya'ya uku, kuma dukkanmu muna cikin tsarin inshorar lafiya na gama-gari. Kwanan baya wakilin wani kamfani ya tallata mini ƙarin inshora, ya ce za ta ba mu damar kwanciya a asibitin kuɗi, a ɗaki mai gado ɗaya, tare da zaɓen likitan da muke so. Maganar ta shiga raina, domin bara mahaifiyata ta shafe watanni tana jiran a yi mata aikin gwiwa. Sai dai ina da hawan jini, kuma kuɗin da za a riƙa biya duk wata ba kaɗan ba ne. Wace shawara za ku ba ni? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Irin wannan inshora abubuwa uku take sayarwa: saurin samun aikin tiyata, zaɓin likita, da jin daɗin ɗaki. A Jamus ma, inda tsarin ya daɗe, galibi abin da take biya shi ne ɗaki mai gado ɗaya ko biyu da kulawar babban likitan sashe. A cikin ukun nan, sauri ne kaɗai nake ganin ya isa a takura aljihu dominsa. Wanda gwiwarsa ta hana shi hawa matakala, ko yanar ido ta hana shi karatu, kowane wata na jira asara ce a sana'arsa da walwalarsa. Amma hatsarin mota da bugun zuciya ba sa cikin layin jira, sashen gaggawa ake garzayawa da mutum, kuma a mafi yawan tsare-tsare ƙarin inshorar ba ta sauya komai a wannan dare.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne hawan jinin da ka ambata. Kamfanonin inshora sukan ware cutar da mutum yake da ita tun kafin ya shiga, ta hanyar ƙin ɗaukar nauyinta baki ɗaya, ko ƙara kuɗi, ko sanya wa'adin jira kafin su fara biyan kuɗin jinyarta. A Ostireliya doka ta ba su damar sanya watanni 12 a kan tsohuwar cuta da kuma haihuwa, da watanni 2 a kan sauran jinya. A Birtaniya kuwa yawancin inshorar asibitin kuɗi ba ta ɗaukar nauyin cutar da ake rayuwa da ita, kamar ciwon suga. Saboda haka ka nemi wakilin ya nuna maka a rubuce, da yatsarsa a kan layin, matsayin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda idan likita ya danganta su da hawan jini. Kada kuma ka ɓoye cutar a takardar shiga, domin ranar da kake kwance a gado ne za a binciko ta a ƙi biya.

Sai maganar shekaru. Kuɗin inshora galibi yana hauhawa yayin da mutum yake manyanta, kuma babu abin da ya kai takaici kamar a biya na tsawon shekara ashirin cikin ƙoshin lafiya, sannan a daina bayan ritaya, daidai lokacin da gwiwa da ido suka fara neman kulawa. Ka tambayi abin da ɗan shekara 60 yake biya yau a wannan tsarin, ka auna shi da abin da kake sa ran samu a lokacin. Ka kuma duba iyakar abin da suke biya a shekara, da kason da zai fito daga aljihunka a kowace kwanciya, da jerin asibitocin da suka amince da su.

Idan ka samu cewa sun amince da hawan jininka bayan wa'adin jira, kuma kuɗin bai taɓa na abinci da karatun yara ba, ina ganin ka saya, ka zaɓi tsarin da ya ƙunshi tiyata, ka bar na ƙawata ɗaki. Idan kuwa sun ware shi, to ka buɗe asusu na daban, ka riƙa zuba wannan kuɗin a ciki duk wata, ka kuma ci gaba da shan maganinka da zuwa awo a kan kari.