Ku Tambaya Mu Amsa: Tsohon Shayin Pu'er na Ƙasar Sin

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina harkar kasuwanci a Guangzhou. Wani abokin hulɗata ɗan ƙasar ya gayyace ni cin abincin dare a gidansa, ya ce bayan an ci zai fasa mana shayin da ya shekara talatin a ajiye. Ashe shayi ba ya lalacewa? Kuma tunda ya daɗe haka, ba ya sa maye?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Yawancin shayi yana lalacewa. Koren shayi da ya wuce shekara ɗaya ko biyu ƙamshinsa ya tafi. Wanda za a ba ka, Pu'er ne, daga lardin Yunnan da ke kudu maso yammacin Sin, kuma tun daga yinsa aka shirya shi don ajiya. Ana tsinko ganyen wata irin bishiyar shayi mai faɗin ganye, a bar shi ya yi yaushi, a soya shi sama-sama a babban kasko, a murza, sannan a shanya a rana. Ba a gasa shi da wuta mai ƙarfi kamar koren shayi, saboda haka ganyen bai mutu murus ba. Sai a turara shi, a danne shi ya zama curi mai siffar faifai, nauyinsa giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai cikin ɓawon gora. Iska da laima da ƙananan halittun da ke jikin ganyen su ke aiki a hankali shekara da shekaru: ɗaci da bauri su ragu, ruwan ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma ja mai duhu.

Iri biyu ne. Wanda muka bayyana shi ne ɗanye, Sinawa na ce masa sheng. Na biyun, shou, a 1973 aka ƙirƙiro shi a masana'antar Kunming, babban birnin Yunnan, don a gajarta jira: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a rufe, ana juyawa har kwana 45 zuwa 60. Masu tara shayi ɗanyen suke bi da kuɗi, kuma da wuya mai gida ya kira baƙi don shou.

Batun maye, kwantar da hankalinka. Busasshen ganye ne ya tsufa, ba a jiƙa wani abu mai sukari ya ruɓa ya zama barasa ba. Abin da kan kama mutum shi ne jiri da bugun zuciya da gumi idan ya kwankwaɗi mai kauri da yawa cikinsa babu komai, kuma wannan aikin sinadarin kafeyin da ke cikin shayi ne. Shi ya sa ake sha bayan abinci.

Tambaya: To idan an zauna, me zan yi kada in ji kunya, kuma me ake nema a bakin?

Amsa: Da farko, a bar turare a gida ranar, Alhaji, ko na jiki ko na kaya. Rabin abin a hanci yake, kuma turare mai ƙarfi zai ɓata wa kowa zaman. A wajen cin abinci ka sassauta wa yaji da tafarnuwa, ka kurkure baki da ruwan ɗumi kafin a fara. Madara da sukari kada ma su zo bakinka.

Kofunan ƙanana ne, kurɓa biyu ko uku. Ruwan farko da mai gida zai tsiyaye ba na sha ba ne, wanki ne. Idan ya cika maka kofi, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan a can, musamman a lardin Guangdong, inda Guangzhou take. In shayi fiye da ɗaya za a sha, daga mai ƙarancin shekaru ake farawa a ƙare da tsohon.

Kada ka yanke hukunci a kofin farko. Ganye ɗaya ake ta jiƙawa ana tsiyayewa, tsohon ganye kuwa sai a jiƙo na uku ko na huɗu yake buɗewa, kuma mai kyau yana kai jiƙo goma sha biyar bai sare ba. Ka riƙe ruwan a baki kaɗan. Na kirki yana da kauri da santsi, da ƙamshi irin na tsohon katako ko kafur ko busasshen dabino. Bayan ka haɗiye ka ɗan jira: ɗacin da ya rage ya kamata ya juye ya zama zaƙi a maƙogwaro, yawu ya tsinke. Wannan juyin shi masana suka fi dubawa. Idan kuwa maƙogwaro ya bushe yana ƙaiƙayi, ko harshe ya ɗaure ya ƙi saki, akwai matsala a ganyen ko a ajiyarsa, ko da shekarunsa hamsin ne. Ka shinshina kofin bayan ya zama wayam, ƙamshin yakan fi fitowa a nan. A ƙarshe za a zazzage ganyen a faranti a nuna. Ɗauki ɗaya ka murza. Wanda ya tsufa lafiya launinsa ƙasa-ƙasa ne, yana da danƙo, ba ya narkewa a yatsa.

Tambaya: Malam, an ba maigidana tsarabar curi ɗaya. Na ɓantari guntu na tafasa a tukunya minti goma, ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci kamar magani. Ina kuskuren?

Amsa: Wuri uku, Hajiya: ɓantara, yawan ganye da tsawon lokaci. Idan aka karya curin da hannu ganyen yana marmashewa, marmashi kuwa shi ke zubo da ɗaci gaba ɗaya. A sami tsinken ƙarfe mai kaifin baki, a soka daga gefen curin a kwance, tsinin yana kallon nesa da ɗaya hannun, a ɗaga a hankali ganyen ya rabu falle-falle. Wanda ya daɗe a ƙunshe yana son shan iska, don haka a zuba abin da aka ɓamɓaro a tulun yumɓu mara wari na mako ɗaya ko biyu kafin a sha.

Ma'auni: giram 6 zuwa 7 ga ruwa mililita 100. Kwanon tangaran mai murfi ya fi sauƙi ga mai koyo. Butar yumɓu ta garin Yixing na ƙasar Sin ta fi riƙe zafi, amma tana shan ƙamshin duk abin da aka dafa a ciki, sai a keɓe ta ga iri ɗaya. Ruwa ya zama mai tafasa sosai, digiri 95 zuwa 100, kuma ba mai gishiri-gishiri ko warin maganin famfo ba. A ɗauraye kwanon da ruwan zafi, a zuba ganye, a zuba ruwa, a tsiyaye cikin sakan 5 zuwa 10 a zubar. A rufe a bar shi kamar minti ɗaya tururi ya ratsa shi. Daga nan jiƙon farko sakan 10, a riƙa ƙara sakan 5 zuwa 10 kowane zagaye, can gaba har minti ɗaya ko biyu. Kowane jiƙo a tsiyaye shi tas. Ruwan da aka bari a gindin kwano shi ke ɗata na gaba. Tafasawa a tukunya tana da gurbinta, amma sai a ƙarshe, bayan ganyen ya ba da duk abin da zai bayar.

Tambaya: Wani mai shago ya nuna mini curi da lamba 7542, ya rantse na 1975 ne, kuma zai yi mini rangwame. In saya?

Amsa: Lambar ba ta faɗi haka ba. 75 shekarar da aka tsara haɗin ne, 4 darajar ganyen, 2 kuma masana'antar Menghai (1 ta Kunming ce, 3 ta Xiaguan). Har yau ana yin 7542 kowace shekara. Ko dai mai shagon bai san kayansa ba, ko yana fatan kai ba ka sani ba.

Jabu ya yi yawa a wannan harka saboda dalili bayyananne. Curin da masana'antun gwamnati suka yi kafin shekarun 2000 ba a buga musu ranar yi, kuma takardar naɗinsu kusan iri ɗaya ce. Takarda kuwa ana bugawa, a sa mata tabon shayi ta yi kamar ta tsufa. Akwai ƙaramar takardar shaida da ake dannewa cikin ganyen tun wajen yi. Idan ka ga an manna ta a sama kawai, ka ja da baya. Wasu kan jibge sabon curi a ɗaki mai zafi da laima ya yi duhu cikin 'yan watanni, wasu su gauraya shou da ɗanye. Farantin ganye yana tona asirin duka biyu: launi biyu a ganyen jiƙo ɗaya, ko ganye baƙi da ya ruɓe.

Manyan sunaye irin su curin da ake kira Jan Hatimi na shekarun 1950, ko curin da ake kira 88 Qing, wato 7542 na wajen 1989 zuwa farkon shekarun 1990 da wani ɗan kasuwar Hong Kong ya adana a busasshen wuri, a gidajen gwanjo da hannun sanannun masu tarawa suke yawo, da tarihin hannun da suka bi. Ba a rangwamensu. Wanda kuma ke son saye don riba ya tuna 2007, lokacin da farashin Pu'er ya yi tashin gwauron zabo sannan ya faɗi warwas cikin 'yan watanni. Ka nemi a jiƙa maka daga ainihin curin da za ka biya, ba daga wani samfur na gefe ba.

Tambaya: Na ga fari-fari a kan curin shayina. In zubar?

Amsa: Ya danganta. Farin hoda siriri kamar ƙura, ba tare da wari ba, ana yawan ganinsa a shayin da aka yi wa ajiya irin ta Hong Kong mai laima. A goge da busasshen buroshi, a bar shi ya sha iska makonni, a wanke sau biyu kafin sha. Amma funfuna mai gashi, kore ko baƙa ko ruwan ɗorawa, da warin rima mai hawa kai, wannan na bola ne, tafasa ba ta kashe gubarta. A ajiye curi cikin takardarsa a kwali mai tsabta, laima kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, zafi digiri 20 zuwa 30, nesa da rana da kicin da sabulu. Kada a sa a firiji, kuma a raba ɗanye da shou, don warin shou yana kama ɗanyen.