Waƙar rap mai labarin laifi: gargaɗi ce ko talla?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 17 ba ya rabo da waƙoƙin rap na Amurka. Na sa an fassara mini ɗaya, sai na ji labarin wani saurayi ne da ya shiga sayar da ƙwaya, ya yi kuɗi, daga baya aka harbe amininsa, shi kuma aka ɗaure shi. Yaron ya ce ai gargaɗi waƙar take yi. Gaskiya ne, ko wayo yake mini?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa miki.

Rap ta taso ne a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970, cikin baƙaƙen fata da talauci ya yi wa katutu. A shekarun 1980 wani nau'in hodar iblis mai araha da ake kira kirak ya mamaye irin waɗannan unguwanni. Dokar da Amurka ta yi a 1986 ta sa wanda aka kama da giram 5 na kirak ya sha ɗaurin shekara biyar aƙalla, alhali sai mai garin hodar ya kai giram 500 kafin ya gamu da wannan hukuncin. Sai a 2010 aka rage wannan tazarar. Samarin da suka girma suna kallon ana kwashe yayyensu zuwa gidan yari su ne suka riƙe makirufo, kuma abin da idonsu ya gani suka rera.

Shi ya sa irin wannan waƙar ba ta farawa da laifi. Da yunwa take farawa: uwa ba ta da kuɗin haya, an yanke wuta, ga wani a bakin layi da sabuwar mota. Mawaƙin da ya iya aikinsa yana sa mai sauraro ya ji yadda kwaɗayi ke shiga zuciya sannu a hankali, har mutum ya yi wa kansa alkawarin cewa sau ɗaya kawai zai yi. Ni wannan ɓangaren nake girmamawa, domin ya nuna ba a haifar kowa da bindiga a hannu. Sakamakon kuma ba ɗauri kaɗai ba ne. Akwai rashin barci, da zargin kowa har aboki, da uwa a bakin kabari.

Inda matsalar take shi ne amshi. Baiti sau ɗaya ake jinsa, amshi kuwa yana dawowa sau uku ko huɗu, shi ne kuma ke zama a baki. Idan amshin kirarin kuɗi da mota ne, aka tura mutuwar abokin can baitin ƙarshe a layi biyu, to gargaɗin yana nan a rubuce, amma kunne talla ya ɗauka. Haka kiɗan: idan na rawa ne, yakan danne kukan da ke cikin kalmomin. Bidiyon ma yakan ƙara gishiri.

Ki sani kuma "ni" ɗin da ke cikin waƙa ba lallai mawaƙin ba ne, sau da yawa bakin wani ya ara. Duk da haka masu gabatar da ƙara a Amurka sun sha karanta baitoci a kotu a matsayin shaida, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 don taƙaita hakan.

Kada ki fara da ƙwace wayar. Ki zaunar da shi, ki ce ya rera miki inda ya fi haddacewa, sannan ya gaya miki yadda saurayin ya ƙare. Idan amshin na zuba a bakinsa amma ya yi ta inda-inda a kan mutuwar abokin, daga wannan baitin za ku fara hira.